Kwana ɗaya a Sakkara da Dahshur: abin da za a gani da inda ƙafar dattijo za ta iya kaiwa

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Cikin watan Disamba, in Allah ya yarda, zan raka mahaifina Alkahira ganin likita, kuma za mu samu kwana ɗaya da babu zuwa asibiti. Ƙanena da ke karatu a Azhar ya ce Giza da yamma ɗaya ma an gama da ita, mu ware yinin mu je Sakkara, wai can aka fara gina dala. Shin wurin ya kai a ba shi yini guda? Me ake gani a can? Kuma Baba ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa, zai iya?"

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a je a sa'a. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko Sakkara ta kai a kashe mata yini, me za ka sa a gaba idan ka je, da kuma inda dattijo zai iya shiga da inda zai haƙura. Ƙanenka ya faɗi gaskiya, sai dai rabi ya faɗa. Sakkara ce mafari, amma labarin ba ya cika sai an haɗa da Dahshur, wadda ke kudu da ita da kimanin kilomita 10. A Giza gwanaye za ka gani sun riga sun iya aiki. A Sakkara da Dahshur kuwa za ka ga lokacin da suke koyo, ga gwaji, ga kuskure, ga gyara, duk a tsaye da dutse. Ga mai koyar da tarihi wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Sakkara maƙabarta ce ta birnin Manf, wanda Turawa ke kira Memfis, babban birnin Masar bayan an haɗe kudu da arewa wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana kudu da Alkahira da kimanin kilomita 30, a kan tudun hamada yamma da kogin Nilu. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: ambaliyar da kogin ke yi kowace shekara ba ta hawa tudun, busasshen rairayi yana adana gawa, sannan a imaninsu yamma, inda rana ke faɗuwa, ita ce ƙasar matattu. Da motarku ta doshi wurin za ka ga gonakin dabino kore shar, sai kwatsam su yanke, rairayi ya fara, kamar an ja layi da wuƙa. An shafe sama da shekara 3,000 ana binne mutane a nan, shi ya sa ba kowane abu da ka gani a Sakkara ne ya girmi Giza ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Daga dakali zuwa dala

Kafin sarki Zosar, idan sarki ko wani babba ya mutu, rami ake haƙawa a yi ɗakuna a ƙasa, a ɗora gini mai kusurwa huɗu na tubalin laka a kai, samansa a baje, gefensa a ɗan kishingiɗe. Irin wannan kabari ana kiransa masɗaba, wato dakalin ƙofar gida da Larabci, don da shi ya yi kama.

Zosar na gidan sarauta na uku ne, ya yi mulki wajen shekara ta 2650 kafin haihuwar Annabi Isa. Wanda ake jingina wa tsara gininsa shi ne Imhotep, kuma an samu sunansa da muƙamansa rubuce a gindin wani mutum-mutumin sarkin. Shi ma da masɗaba ya fara, sai dai ta dutse, kowane gefe kimanin mita 63, tsayi mita 8. Aka faɗaɗa ta har sau biyu. Daga nan aka ɗora mata hawa-hawa ta zama mai hawa huɗu, sannan aka ƙara faɗaɗa gindin aka kai hawa shida, tsayi kimanin mita 60. Ma'ana ba a zauna tun farko an zana dala ba, cikin aikin tunanin ya yi ta girma. Idan ka tsaya ta kudu ka dubi hawan ƙasa da kyau, inda fatar waje ta zube, za ka ga layin tsohuwar masɗabar a cikin jikin dalar. Wannan shi ne hoton farko da ya kamata ka ɗauka wa ɗalibanka.

Ka duba girman duwatsun ma. Ƙanana ne, kusan abin da mutum ɗaya ko biyu za su ɗaga, domin magina sun saba da tubali, sai suka sassaƙa dutse a siffar abin da hannunsu ya sani. Sahun duwatsun kuma ba a kwance suke ba, an karkata su ciki, suna jingine da tsakiyar ginin.

Dalar tana tsakiyar wani fili mai kimanin mita 545 a 277, da aka kewaye da ganuwa ta farin dutse mai tsayi sama da mita 10. A jikin ganuwar akwai siffofin ƙofofi 14 da ba sa buɗewa, ƙofar gaske ɗaya ce, a kusurwar kudu maso gabas, ta nan za ku shiga. Da shigarka sai wani dogon zaure mai ginshiƙai 40. Tsaya ka kalle su. An sassaƙa su kamar damin kara da aka ɗaure, kuma babu ko ɗaya da ke tsaye shi kaɗai, kowanne an haɗa shi da bango ta baya, alamar maginan ba su riga sun amince dutse zai tsaya da kansa ya ɗauki rufi ba. A bakin zauren ka ɗaga kai: dutse ne aka sassaƙa kamar jerin gungumen itace, duk wanda ya tashi a ɗakin soro mai azara zai gane shi nan take. Har ƙyauren ƙofa an yi na dutse, a buɗe, da siffar madogararsa, ba ya motsi. Gini ne na itace da kara da laka aka kwaikwaya da dutse don kada ya lalace.

A gabas da babban filin akwai farfajiyar bikin sabunta sarauta, da jerin ɗakunan bauta waɗanda fuska ce kawai, cikinsu cike yake da tsakuwa. Mafi yawan abin da ke tsaye a nan wani maginin Faransa, Jean-Philippe Lauer, ya sake haɗa shi da ainihin duwatsun da aka tsinta a rairayi. Ya fara aikin a 1926, bai rabu da wurin ba sai dab da rasuwarsa a 2001. A ginin da ake kira Gidan Kudu, ka nemi rubutun tawada da aka rufe da gilashi a bango. Wasu Misirawa ne masu ziyara suka rubuta sama da shekara dubu bayan Zosar, lokacin da wurin ya riga ya zama abin kallo a wajensu. Ta arewa kuma akwai wani ɗan akwatin dutse a karkace mai huda biyu. Sa ido a hudar, za ka ga sarkin a zaune yana duban sararin arewa. Kwafi ne, na ainihin yana gidan tarihin Masar da ke dandalin Tahrir.

Cikin dalar an rufe shi shekaru, an yi gyara daga 2006 bayan ɓarnar girgizar ƙasa ta 1992, aka buɗe a Maris 2020. Hanyar kudu da masu ziyara ke bi wani rami ne da aka haƙa daga baya, zamanin gidan sarauta na 26. Bayan 'yan matakalai na sauka, hanyar a miƙe take, ana tafiya a tsaye, har ka kai bakin wani rami kamar rijiya mai zurfin mita 28, faɗi mita 7, can ƙasa kana hangen ɗakin gawar da aka gina da giranit. A ƙarƙashin filin akwai hanyoyi da suka haura kilomita 5, inda aka samu tukwane da kwanonin dutse kimanin 40,000, amma ba a shiga can. Wannan ita ce dalar da Baba zai iya shiga idan ya ji ƙarfi, a hankali, da mai riƙe masa hannu a matakalai.

Sauran Sakkara

Kudu da ganuwar Zosar akwai wani tsibin duwatsu da ba zai ja hankalinka ba. Dalar Unas ce, sarkin ƙarshe na gidan sarauta na biyar, wajen 2350 kafin haihuwar Annabi Isa, wato kimanin shekara 200 bayan babbar dalar Giza. A lokacin an koma gina ƙananan daloli da ɓaraguzan dutse a ciki, farin dutse a waje, da aka kwashe na wajen sai cikin ya zube. Darajarta a ciki take. Ita ce dala ta farko da aka rubuce bangonta da addu'o'in matattu, layi-layi daga sama har ƙasa, an cike haruffan da shuɗin launi, rufin kuma taurari ne. Dalolin Giza babu irin wannan rubutu a ɗakunansu. Sau da yawa da safe kawai ake buɗe ta, don haka ka tambaya tun a wurin sayen tikiti, ka fara da ita idan ta kama. Idan a rufe take, dalar Teti tana da irin rubutun. Duka biyun sai an sunkuya an gangara, gajeriyar hanya ce gare ka, amma ba ta gwiwar Baba ba ce.

Abin da zai fi burge Baba, a ganina, kaburburan manyan fada ne, kuma yawancinsu a ƙasa ɗaya suke, babu hawa babu sauka mai wahala. Kusa da dalar Teti akwai masɗabar Mereruka, wazirin sarkin kuma surukinsa, mai ɗakuna sama da 30, da ta Kagemni, shi ma waziri. Bangon cike yake da zanen sassaƙa na rayuwar yau da kullum. Za ka ga ana tatsar saniya an ɗaure mata ƙafafun baya, masunta da koma cike da kifi har kana iya bambance tarwaɗa da karfasa, maƙera na hura wuta, ana gurfanar da waɗanda ba su biya haraji ba. Za ka ga an kwantar da kura an ɗaure ta ana yi mata ɗura. A masɗabar Ti, wadda ke can gaba kuma tana da ɗan gangare, akwai makiyaya na tsallakar da shanu ruwa: ɗaya ya saɓa maraƙi a baya, maraƙin ya waiwayo yana kuka, uwar ta miƙa wuya tana binsa, sauran garken na bin ta. Dabarar ce dai da makiyayi ke yi har gobe a mashigin kogi, an sassaƙa ta shekara 4,400 da suka wuce. Kada ka yi sauri a ɗakunan nan. Minti 20 a Kagemni ya fi ka zaga kabari biyar a guje.

Sai Sirabiyum, ramukan ƙarƙashin ƙasa da ake binne bijimin Afis, wanda suke bauta wa. Wani mai binciken tarihi ɗan Faransa, Auguste Mariette, ya gano shi a 1851. Akwai akwatunan dutse 24, kowanne ya kai mita 4 a tsawo, wasu da murfinsu sun kai tan 70. Wannan wurin ya zo bayan Zosar da kimanin shekara dubu biyu, don haka kada a cuɗa maka su. An shimfiɗa katako, hanyar da faɗi, ga sanyi, matakalan shiga ne kawai aikin.

Wani abu da za ka ji daga bakin wasu 'yan jagora, musamman idan sun ga kai Musulmi ne: za su danganta kowace dala da Fir'aunan Annabi Musa (AS). Ramsis na biyu, wanda mutane da yawa ke dangantawa da wannan ƙissa, ya hau mulki a 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, kusan shekara 1,400 bayan Zosar, kuma a zamaninsa sarakuna sun daina gina dala, a kwarin Luksor ake binne su. Haka tsohuwar maganar cewa dalolin rumbunan Annabi Yusuf (AS) ne. Da ka shiga ɗaya za ka ga dutse ne cunkus, ɗakunan ciki ba su kai a zuba hatsin gari ɗaya ba.

Dahshur, inda aka yi kuskure aka gyara

Sarki Sinefru, wanda ya kafa gidan sarauta na huɗu kuma mahaifin Kufu mai babbar dalar Giza, shi ne ya mayar da dala mai hawa-hawa zuwa mai santsin gefe. Gwajin farko a Maidum yake, can kudu wajen Fayyum: an gina ta hawa-hawa, daga baya aka cike hawan don ta yi sumul, amma sashen wajen an ɗora shi a kan rairayi maimakon dutsen ƙasa, daga baya ya zube, abin da ya rage kamar hasumiya a kan tsibi. Masana sun saɓa kan lokacin da ta zube. Ta yi muku nisa a yini ɗaya, ka bar ta.

A Dahshur za ka ga Tanƙwararriyar Dala. An fara ta da miƙewar digiri 54, a ƙasa mai taushi, da sahun duwatsu a karkace ciki irin na Zosar. Wannan karkatawar tana tura nauyi kan ɗakunan tsakiya, sai tsagewa ta bayyana tun ana cikin aiki, har aka tokare ɗakin sama da gungumen itacen al'ul waɗanda suna nan har yau. Da aka kusa rabin tsayi sai aka kwantar da gefen zuwa digiri 43 don rage nauyin da ya saura, aka kuma koma jera duwatsun a kwance. Shi ya sa ta tanƙware. Ita ce kuma dalar da ta fi kowace riƙe fatarta ta farin dutsen Tura, wanda ake sarowa a tsallaken kogi. Ka matsa gindinta ka dubi yadda duwatsun suka haɗe, a nan za ka san kamannin dala lokacin da take sabuwa.

Kilomita 2 arewa da ita Jar Dala take, wadda direbobi suka sani da Haramul Ahmar. A nan an ɗauki darasi: gindi mai faɗi, mita 220 kowane gefe, digiri 43 tun daga ƙasa, sahu a kwance, tsayi kimanin mita 105. Ita ce dala mai santsin gefe ta farko da ta tsaya daidai. Ɗansa Kufu ya ɗora a kan wannan ya kai mita 146 a Giza. Daga masɗabar Zosar zuwa wannan ta Giza kimanin shekara ɗari ne kacal.

Shiga Jar Dala aiki ne na mai lafiya. Za ka hau matakalai a jikinta har mita 28, sannan ka gangara rami mai sama da mita 60 a duƙe, tsayinsa bai fi mita ɗaya ba. Mafi sauƙi ka juya baya ka sauka kamar mai saukowa daga tsani, hannu biyu a ƙarfen gefe, jaka a gaba. A ƙasa akwai ɗakuna uku, rufinsu an yi shi ne ta hanyar matso da kowane sahun dutse ciki kaɗan-kaɗan har bangon biyu suka haɗe a sama, mita 12 a biyun farko. Iskar ciki da nauyi, ga wari mai hawa kai kamar na tsohon fitsari. Mai asma, mai ciwon zuciya ko baya, da wanda ƙuntataccen wuri ke firgita shi, kada su shiga. Tanƙwararriyar, da aka buɗe a 2019, ta fi ta wahala, gangarenta mita 79 ne, ga matakalai da rarrafe a ciki. Ɗaya ta ishe ka, kuma cinyoyinka za su yi tsami kwana biyu. Baba ya zauna a mota ko a inuwar dalar, kallon waje a Dahshur ya wadatar.

Tsarin yinin

Ku ɗauki mota da direba na yini guda, a yi ciniki tun dare, a ambaci Sakkara da Dahshur da jira da kuɗin shigar mota. Uber zai kai ku, amma samun na dawowa daga Dahshur wahala ne, kada ka gwada da dattijo. Amfanin motar kuma, wuraren Sakkara a warwatse suke, daga Zosar zuwa Teti zuwa Sirabiyum da mota ake matsawa. Ku bar Alkahira da ƙarfe 7, ana buɗewa da 8. Sa'a huɗu a Sakkara: gidan tarihin Imhotep a bakin shiga minti 20, Unas, Zosar, Mereruka da Kagemni, Sirabiyum. Ku yi azahar a ɗaya daga masallatan ƙauyukan hanya, ku ci abinci, ku isa Dahshur kafin ƙarfe 2, domin da hunturu wajen 4 ake rufewa. Mit Rahina, inda ragowar Manf take, tana tsakanin biyun. Akwai ƙaton mutum-mutumin Ramsis na biyu a kwance mai kimanin mita 10, wurin a baje yake, minti 30 ya isa, amma idan lokaci ya ƙure shi za a sadaukar. Direba zai so ya tsaya da ku a makarantun saƙar kafet da ke hanyar, yana da kamasho a ciki. Ka faɗa masa tun da safe ko kana so ko ba ka so.

Tikitin Sakkara kashi-kashi ne: na shiga daban, na cikin dalar Zosar daban, haka Mereruka da Sirabiyum, akwai kuma na haɗaka. Ka saya duka a bakin shiga, domin komawa nisa ne. Manyan wuraren tarihi na Masar sun koma karɓar kati maimakon tsabar kuɗi, don haka ka tabbatar katinka na aiki a waje, ko ƙanenka ya zo da nasa. Ya riƙo katin shaidar ɗalibi ma, akwai ragi. Farashi yana sauyawa akai-akai, haka kaburburan da ake buɗewa, shi ya sa ban kawo adadi ba, ƙanenka ya bincika a makon. Ka tanadi ƙananan takardun fam na goron masu gadi. Wanda ya haska maka bango ko ya buɗe maka ƙofa zai sa rai, ba dole ba ne, kuma kada ka yarda a ce ka taɓa zane ko ka tsallake igiya don ka ba da wani abu. Maiƙon hannu yana cinye launin da ya shekara dubu huɗu. Hawa jikin dala kuma laifi ne a dokar ƙasar.

Disamba lokaci ne mai kyau. Da safe akwai sanyi da iska a kan tudun, kamar hunturunmu, ku riƙo rigar sanyi da rawani, da rana kuma sai a cire. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ba silifa ba. Ruwa lita ɗaya da rabi kowane mutum, da 'yar kujerar ninkewa ko sanda don Baba, domin wuraren zama da inuwa kaɗan ne kuma tafiya a rairayi tana cin gwiwa fiye da kwalta. Abin da na faɗa game da shi na wanda bai ga takardunsa ba ne. Ka tambayi likitansa kafin ranar, musamman idan an yi masa aiki ko an sauya masa magani, idan ya ce a'a, a bar shi ya huta ku tafi da ƙanenka.

Don aji, hotuna huɗu nake ba da shawara, a jere yadda aka gina: masɗaba, dalar Zosar ta kudu, Tanƙwararriya daga kusurwa inda lanƙwasar ke fitowa sosai, sai Jar Dala. A kowanne ka sa ƙanenka ya tsaya a gindin ginin, in ba haka ba yara ba za su gane girman ba. Idan ka hau bakin ƙofar Jar Dala, kafin ka shiga ka juya ka dubi arewa. Ranar da babu hazo za ka hango hawa shida na Zosar, can bayansu kuma dalolin Giza.